Nauyin Baki, Ko Rashin Abokin Hira?

A sashen awon yara da rigakafi inda nake aiki, a nan Kaduna ta Arewa, duk wanda ya leƙa layin ranar allura zai ga kusan jarirai ne zalla a goye. Uwa za ta kawo ɗanta a sati 6, ta dawo a sati 10 da sati 14, ta sake dawowa a wata 9 a yi masa ta ƙyanda da ta shawara. Daga nan sai katin ya koma ƙasan akwati. Akwai allurar ƙyanda ta biyu a wata 15, akwai ɗigon bitamin A duk bayan wata 6 har yaro ya cika shekara 5, amma masu dawowa dominsu kaɗan ne. Daidai lokacin da yaro ya bar rarrafe ya fara tatata, gwarancinsa ya fara zama magana, a lokacin yake ɓace mana. Sai ya kai shekara biyu da rabi ko uku mu sake ganinsa, uwarsa ta zauna a gabana, ta rage murya ta ce, "Sista, har yanzu fa ba ya magana."

Wannan ƙorafin yana cikin abubuwan da suka fi tsaya mini a rai, domin ni ma uwa ce, kuma ƙaramar 'yata tana cikin waɗannan shekarun.

Wata rana wata matashiya ta zo daga wajen Malali, ma'aikaciya, tsaf da ita, ɗanta ma tsaf, nauyinsa daidai a ma'auni. Yana kan cinyarta amma idonsa na kan wayarta, ɗan yatsansa yana ture bidiyo ɗaya ya kawo wani da ƙwarewar da ta fi tawa. Na kira sunansa, bai ɗago ba. Da ta karɓe wayar don in duba shi, sai ya zame ƙasa ya hau birgima. Ta ce mini yana ƙirga ɗaya zuwa goma da Turanci, ya san sunayen launuka, amma idan yana jin ƙishirwa sai dai ya ja hannunta zuwa bakin firji ya tsaya yana kuka. Surukarta ta ce nauyin baki ne, haka babansa ya yi.

Na ce mata, "Ƙanwata, daga asuba zuwa isha'i, lissafa mini mutanen da suke magana da yaron nan." Ta buɗe baki ta rufe. Ita tana fita kafin ƙarfe takwas, ta dawo bayan la'asar a gajiye ga girki yana jira. Maigidan yana riga ta fita, ya dawo yaron ya yi barci. Gidan haya ne mai get, kowa da ƙofarsa a kulle. Wadda take yini da shi yarinya ce 'yar raino da ba ta wuce shekara goma sha uku ba, ga wanke-wanke ga shara, don haka ana bar mata tsohuwar waya ta ba shi ya yi shiru. Da ta gama lissafin sai idonta ya kawo ruwa. Ba mugunta ta yi ba, ba kuma sakaci ba. Ta ciyar da shi, ta tufatar da shi, ta kai shi kowace allura. Babu wanda ya taɓa gaya mata cewa hira ma tana cikin abin da yaro yake rayuwa a kai.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan zirga-zirga da zama da barcin yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ta ce jariri da ɗan shekara ɗaya kada a zaunar da su gaban waya ko talabijin ko kaɗan. Ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a yini, idan an rage ma ya fi. Ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana buƙatar aƙalla awa 3 na motsa jiki a warwatse cikin yini, da barcin awa 11 zuwa 14. Idan na karanta wa iyaye wannan, wasu sukan ce ai katun ɗin na ilimi ne, ana koyar da haruffa. Gaskiya ne akwai kalmomi a ciki. Abin da babu shi ne amsa. Koyon magana lugude ne, irin na mata biyu a turmi ɗaya: wannan ta sauke taɓarya, waccan ta ɗaga. Yaro ya nuna kaza ya ce "ka", babba ya dube shi ya ce, "Eh, kaza ce, ga 'ya'yanta nan suna bin ta." Ya sake gwadawa, a sake amsa masa. Waya ba ta ganin inda ya nuna, ba ta jiran ya gama, ba ta dariya idan ya yi kuskure. Shi ya sa za ka ga yaro ya haddace waƙar haruffa tsaf amma bai san ana amfani da baki a nemi ruwa ba.

Aikinmu yakan kai mu gida-gida lokacin zagayen rigakafi, kuma a can nake ganin ɗaya fuskar. A wani babban gida a Tudun Wada, mai ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya, na taɓa zama ina cike takarda, wata tsohuwa tana tsince shinkafa a faranti, jikanta ɗan kusan shekara biyu yana jingine da gwiwarta yana ɗebo tsakuwar da ta ware yana mayar mata. Ta dube shi ta ce, "Kai mijin nan nawa, tun safe ko sisin cefane ba ka ba ni ba." Ya buɗe tafin hannunsa ya ce, "Babu." Ta ce, "Babu? To yau zan yi yaji, in tafi gidanmu." Ya riƙe mata zani ya ce, "A'a!" Matan gidan suka kwashe da dariya, wata ta ce masa, "Ka ba ta haƙuri mana, ka ce Inna yi haƙuri." Ya faɗa yadda bakinsa ya iya. Yayyensa biyu suka ja shi suka tafi korar akuya daga kan shanyar gero, suna faɗa masa sunanta.

Ba abin wasa ko ɗaya na kanti a gidan nan. Akwai matsalolinsa kuma, ba zan ɓoye ba: kwata a buɗe, yara biyu da ma'aunin damtse ya nuna suna gab da tamowa. Amma a cikin 'yan mintocin da na zauna, mutum biyar ne suka yi magana da yaron nan, kowanne ya jira amsarsa. Wasan da ke tsakanin kaka da jika, inda namiji yake zama miji ko ango, mace ta zama kishiya, mun ɗauke shi raha kawai. Ni a wurin aikina na gane makaranta ce. A nan yaro yake koyon tambaya da amsa, da musu, da ban haƙuri, da gane cewa fuskar da ta ɗaure don wasa daban take da wadda ta ɗaure don fushi.

Akwai wani abu a tarbiyyarmu da ya kamata mu duba da idon basira. Kunyar ɗan fari al'ada ce mai daraja. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, wata ko ɗaukarsa ba ta yi sai ta ga babu idon kowa. Idan sunan mahaifinta ko na suruki aka sa masa, sai a sakaya, ya zama Abba ko Baffa, mace ta zama Ummi. Wannan kara ba ta cutar da yaro ba a gidan gandu, domin abin da uwa ta janye, kaka da gwaggo da abokiyar zama da 'yan matan gida sun cike shi har ya yi yawa. Aikin uwa nono da wanka da goyo, aikin sauran gida wasa da surutu. Yanzu kunyar ta ragu a birni, 'yan mata da yawa suna kiran sunan ɗan farinsu gatsal. Sai dai abin da ya saura ya fi kunyar wuyar gani: mace ta tashi ba ta taɓa ganin uwa ta zauna a tabarma tana hira da ɗan shekara ɗaya ba, don haka ba ta san aikinta ba ne. Na sha ji daga bakin iyaye mata, "Sista, to me zan ce masa? Ai ba ya ganewa. Sai in ji kamar wata zautacciya ina magana ni kaɗai." Rabon aikin yana nan a cikin kanmu, masu ɗaukar ɗaya rabin ne ba sa gidan.

Kaduna kuwa ta fi Kano da Zariya jin wannan. Gari ne da Turawan mulki suka mayar hedikwatar Arewa a 1917 bayan sun taso daga Zungeru, ya cika da ma'aikatan gwamnati da sojoji da 'yan reluwe, daga baya da ma'aikatan masaƙu. Har gobe idan ka tambayi mutumin Unguwar Rimi ko Badarawa ko Unguwar Dosa, zai ce maka shi ɗan Katsina ne, ko Funtuwa, ko Bida, ko Yola. Kakannin yara da yawa suna can garuruwan, sai Sallah ko biki ake ganinsu, kuma shekarun da hanyoyi irin ta Birnin Gwari suka yi ba sa biyuwa cikin kwanciyar hankali sun ƙara nisanta wasu. Gwamnatin jihar ta mayar da hutun haihuwa wata 6 ga ma'aikatanta mata a 2019, abin a yaba ne, ya taimaki shayarwa ƙwarai. Amma hutun yana ƙarewa ne tun yaro bai fara rarrafe sosai ba, kuma bai shafi mai aiki a makarantar kuɗi ko kanti ko mai sana'arta ba. Tambayar wa zai yini da yaro daga wata 7 zuwa shekara 3, kowane gida shi kaɗai yake fama da ita.

Wani wurin da wannan nisa yake fitowa fili shi ne yaye. A al'ada ana kai ɗan yaye wurin kakarsa, a yi masa rubutu, a dama masa kunu, ya yi kwanaki har ya manta da nono. A da kakar tana ɗakin da ke kallon na uwarsa ne, ko bayan katanga, ya saba da ƙamshin zaninta tun yana jariri. Yau sai a wayi gari a sa yaro ɗan wata 17 a mota a kai shi wani gari wurin tsohuwar da bai gani ba tun ranar suna, a rana ɗaya ya rasa nono, ya rasa uwa, ya rasa ɗakin da ya sani. Irin waɗannan yaran sukan dawo mana sun rame, sun ƙi abinci, wasu da gudawa, wasu kuma 'yan kalmomin da suka fara faɗa sun yi ƙasa na ɗan lokaci. Sau da yawa dalilin gaggawar shi ne uwa ta samu ciki, ana tsoron kada yaro ya sha ciki. Nonon mai ciki ba guba ba ne. Mai lafiyayyen ciki tana iya ci gaba da shayarwa, in dai likita bai ga dalilin hanawa ba. Abin da yake kayar da yaron shi ne cire shi farat ɗaya alhali bai saba da abincin gida ba. Addini ya ambaci shekara biyu ga mai son cika shayarwa, masana lafiya ma shekara biyu ko fiye suke ba da shawara. Idan lokaci ya yi, a rage a hankali, a fara da na rana, a bar na dare zuwa ƙarshe. Idan kuma ana son kaka ta yi yayen, to ita ta zo ta kwana biyu tukuna, ko uwar ta je tare da shi su zauna har ya saba. Ba na son a bar wannan al'ada, domin tana ɗaura jika da kaka ɗaurin da ba ya kwancewa. Sabo nake roƙo a fara ginawa kafin rabuwa.

Kada wani ya ɗauka wannan duk tausayin mata ne. A Kingston ta ƙasar Jamaika, tsakanin 1986 da 1987, wata likitar yara mai suna Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 'yan wata 9 zuwa 24 waɗanda rashin abinci ya tsumburar. Wasu aka riƙa ba su ƙarin abinci, wasu kuma ma'aikatan lafiya na unguwa suka riƙa ziyartar gidajensu awa ɗaya duk mako har shekara 2, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka sake nemo su. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kusan kashi 25 cikin ɗari. Iyayen nan talakawa ne, ba a ba su kuɗi ba, ba a kai 'ya'yan wata makaranta ta musamman ba. An dai koya wa uwa ta zauna da ɗanta ta amsa masa.

Abin da nake gaya wa iyaye ba ya buƙatar a ware wani lokaci, domin na san babu shi. Kina wanka da shi, faɗa masa ga kai, ga kunne, ruwan da ɗumi. Kina girki yana goye ko yana zaune nesa da wuta, ba shi murfin tukunya da ludayi, ki gaya masa albasa kike yankawa. Idan ya ce "uwa" yana nufin ruwa, kada ki ce ba haka ake faɗa ba, ki ce, "Ruwa kake so? Ga ruwa." Kuma ki yi da harshen da bakinki ya fi sakewa a ciki. Ina ganin iyaye suna takura kansu da Turanci don yaro ya shiga nazare da wayo, sai hirar ta ƙare a zauna, tashi, bari. Hausar da ta cika da labari da zolaya ta fi Turancin umarni amfani nesa ba kusa ba. Gidan da uba Bafulatani ne uwa Banufiya, kowa ya yi nasa. Harshe biyu ko uku ba sa jawo nauyin baki, yaran garin nan sun daɗe suna tashi da su.

Tawa 'yar, ranar da nake aikin kwana, wurin kakarta ta wajen uba take kwana a Unguwar Shanu. Akwai wahala a kai ta da ɗauko ta, ga kuɗin Keke Napep, kuma ba a kowane abu ni da Hajiya muke daidaita ba, ita tana ganin na cika doka a kan alewa. Amma duk dawowar yarinyar da sabuwar kalma take dawowa, wani lokaci irin tsohuwar Hausar da ni kaina na daɗe ban ji ba. Ta san sunan kowa a gidan, ta san wa ake durƙusa wa, ta san wa za ta tsokana ta gudu. Ni kaɗai da ba zan iya ba ta wannan ba ko da na ajiye aiki. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar ɗan shekara biyu ba ta kai shi ko'ina sai an ɗauke shi. Waɗanda kakanninsu suke nesa, kiran bidiyo ya bambanta da katun, domin kaka tana ganinsa tana amsa masa. Akwai kuma tsofaffi a kowane layi da suke yini su kaɗai, da maƙwabta masu yara sa'anninsa. Buɗe ƙofa awa ɗaya da yamma ba ƙaramin abu ba ne.

Iyaye maza, ku ma da ku nake. A gidaje da yawa "Baba ya dawo" na nufin kowa ya yi tsit. Ɗauki yaron nan idan za ka sayo burodi, ka bar shi ya miƙa wa mai shago kuɗin. Ranar Talata in kana da sarari ka ratsa da shi kasuwar Kawo ya ga tattabaru da kaji da tulin tumatir, ka gaya masa sunan kowanne. Muryar uba daban ce, kalmominsa daban ne, kuma uwar da ta yini a tsaye tana buƙatar wannan rabin awar.

Duk da haka, ba kowane shiru ne rashin abokin hira yake kawowa ba, kuma a nan ne kalmar "haka babansa ya yi" take cin yara. Idan yaro ya cika shekara ɗaya ba ya gwaranci, ba ya juyowa idan an kira sunansa, ba ya ɗaga hannu ya yi bai-bai. Idan ya kai wata 18 ba ya nuna abu da yatsa, ba shi da 'yan kalmomi ko uku bayan mama da baba. Idan ya cika shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu kamar "ba ni" ko "Baba tafi". Ko kuma a kowane lokaci ya daina faɗin abin da ya riga ya iya, to a kawo shi, kada a jira ya shiga makaranta. Abu na farko da muke so a tabbatar shi ne ji. Kunnen da ya daɗe yana zubar da ruwa, sanƙarau, ƙyanda, da shawarar da ta yi tsanani a makon haihuwa, duk suna iya rage ji ba tare da an lura ba, domin yaro mai wayo yana karanta fuska da hannu ya yi abin da aka ce. Tafa hannu a bayansa ba gwaji ba ne. Mu a Kaduna mun yi sa'a, Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa tana cikin garin nan, ana zuwa mata daga jihohi masu nisa, kuma ana iya auna jin yaro tun bai iya magana ba. Yaron da ba ya haɗa ido, ba ya kawo abu ya nuna wa uwarsa, yana maimaita motsi ɗaya na tsawon lokaci, likitan yara ne zai duba ko lalurar galahanga ce, a asibiti irin na koyarwa na Barau Dikko. Waya ba ta haddasa wannan lalura, uwa ma ba ita ta jawo ba, amma fara taimako da wuri yana sauya abubuwa da yawa.

Ina roƙo kuma a daina kai irin waɗannan yara wurin wanzami a yanke musu linzami. Linzami na gaskiya yana iya wahalar da jariri wajen kama nono, ko ya karkatar da furucin wasu haruffa, amma ba ya hana yaro fahimta, ba ya hana shi samun kalmomi. Na ga yaran da aka kawo da jini yana zuba a ƙarƙashin harshe, bakin ya kumbura sun kasa cin abinci, maganar kuma tana nan inda take. Idan za a zo asibiti, a taho da wanda ya fi yini da yaron, ko da 'yar raino ce, domin ita ta san sautukan da yake yi da abin da yake nufi da kowanne, kuma duk abin da za mu koyar a yi masa a gida, hannunta zai fi biyowa.